Bakin Tekun Legas Na Bukatar Masu Ceto

Duk ranar Sallah da hutun ƙarshen shekara, jama'a na yin dafifi a bakin tekun Legas, daga Elegushi zuwa Tarkwa Bay. Cikinsu akwai matasanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, waɗanda da yawansu a rafi ko kududdufi suka koyi iyo. Tekun Atilantika kuwa wani abu ne daban.

Babban haɗarinsa shi ne ruwan da igiya ke turowa gaɓa, sannan ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin da ya fi na gwanin iyo. Sau da yawa wurin ya fi ko'ina kama da kwanciya, shi ya sa yake yaudarar baƙo. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da ruwan. Ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, ko ya kwanta bisa ruwa ya ɗaga hannu. Sau da yawa mai nutsewa ba ya iya ihu, sai ido mai horo ke gane shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa ta kashe mutum kusan 300,000 a 2021. Muna kira ga gwamnatin Jihar Legas ta wajabta wa duk mai karɓar kuɗin shiga bakin teku ɗaukar ƙwararrun masu ceto, da kafa tutoci ja da rawaya masu nuna inda ake iyo, da allunan gargaɗi har da Hausa.