Ajiye Kare a Gida: Fa'idodi, Illoli da Nauyin da Ke Kan Mai Shi

A 'yan shekarun nan, mai zagaya sababbin unguwannin Kano, Kaduna ko Abuja zai riƙa jin haushin manyan karnuka daga bayan katanga. Taɓarɓarewar tsaro ta sa magidanta da yawa, waɗanda a da ko kallon kare ba sa son yi, yanzu suna cigiyar inda ake sayar da kwikwiyo. Bahaushe dai ba baƙon kare ba ne. Mafarauci ya san shi, makiyayi ya san shi, manomin da gonarsa ke bakin daji ma ya san shi. Abin da yake sabo shi ne shigo da ƙaton karen ƙetare cikin gida mai mata da ƙananan yara, a hannun mutumin da bai taɓa renon kare ba. Wannan ne ya sa ya kamata a auna amfanin abin da cutarwarsa tun kafin a fitar da kuɗi.

Abin da malamai suka ce

Musulmi kan fara da tambayar halacci. Ingantattun hadisai sun yi rangwamen riƙe kare don farauta, kiwo da gadin shuka, sun kuma nuna cewa ladan mutum na raguwa kullum idan ya riƙe shi ba da wata bukata ba. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya riski irin zamaninsu da zaki ma zai ajiye. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai don bin umarni. Sauran mazhabobi sun fi tsanantawa kan yawunsa. Akwai kuma hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Saboda haka addinin da ya taƙaita dalilan ajiye kare, shi ne kuma ya hana a wulaƙanta shi.

Fa'idodi

Ta farko ita ce gadi. Kare na jin motsi da ƙanshi tun kafin mutum ya farga, kuma barcinsa ba nauyi. Abin da ɓarawo ya fi tsoro shi ne a tona masa asiri, don haka haushin da zai tashi mutanen gida da maƙwabta ya wadatar a mafi yawan lokuta, ba sai an kai ga cizo ba. Wannan batu yana da muhimmanci, domin masu saye da yawa suna neman kare mai kai farmaki, alhali abin da gidansu ke bukata shi ne kare mai faɗakarwa.

Ta biyu ita ce taimako a sana'a. A ruga, kare ne ke sanar da makiyayi zuwan dila, kura ko ɓarawon shanu cikin dare. A gona yana korar birai daga masara da gyaɗa. Mafarauta kuwa sun san darajar karen da ya iya bin sawu, ya kama zomo ya riƙe ba tare da ya ci ba. Ko hukumomi suna cin wannan moriya: 'yan sanda da hukumar NDLEA na amfani da horarrun karnuka wajen sansano miyagun ƙwayoyi, a wasu ƙasashe kuma karnuka na yi wa makafi jagora.

Ta uku ta shafi tarbiyya. Yaron da aka ɗora wa zuba wa kare ruwa da abinci a kan lokaci, a ƙarƙashin kulawar babba, yana koyon riƙon amana da tausayin abin da ba ya iya magana. A garuruwanmu, inda jifan kare ya zama wasan yara, wannan darasi ba ƙarami ba ne. Mai gidan da ke fita da karensa safe da yamma shi ma yana samun motsa jikin da da ƙyar zai yi shi kaɗai.

Illoli

Babbar illa ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk waɗanda suka kamu daga kare suka samo shi, ta cizo ko yakushi. Ƙwayar cutar tana bin jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku, shi ya sa ciwon cizon zai warke mutane su saki jiki. Da zarar alamomi sun bayyana, irin su tsoron ruwa da firgita, kusan ba wanda ke tashi. Abin takaicin shi ne cuta ce da ake iya hanawa tun 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa mutum allurarta. A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana samar da allurar riga-kafin karnuka. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwar cutar na yankewa. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar don fara allurai. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaura gashin karen a kan ciwo.

Illa ta biyu ita ce cizo ko da babu hauka. Yara ne suka fi shan wahala, saboda fuskarsu da wuyansu suna daidai bakin kare, kuma ba su san lokacin da ya gaji da wasa ba. Yawancin yaran da ake ciza, karen gidansu ne ko na wanda suka sani. A irin gidajenmu da ba a rufe ƙofa ga almajiri, mai talla ko yaron maƙwabta da aka aiko, haɗarin ya ninka.

Ta uku ita ce sauran cututtuka. Kaska, ƙuma, ƙazuwa da tsutsar ciki duk suna bin karen da ba a kula da shi. Akwai wata tsutsa da kare ke ɗauka idan ya ci ɗanyen huhu ko hantar tumaki mai ƙuraje, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, idan ya shiga cikin mutum ya haifar da ƙullutun ruwa a hanta. Don haka jefa wa kare ɗanyen kayan cikin da aka ƙi ci, musamman lokacin layya, kuskure ne.

Ta huɗu ita ce ɗawainiya. Kuɗin sayen kwikwiyo shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Kare na rayuwa shekara 10 zuwa 13, kullum yana ci, duk shekara yana bukatar allura, ga maganin tsutsa da na kaska. Da yawa sun saya da ɗoki, bayan wata shida suka bar shi a ɗaure yana ramewa, ko suka sake shi ya zama karen bola.

Ta biyar ita ce haƙƙin maƙwabta. Karen da ke haushi tun daga isha'i har asuba, ko mai tsallake katanga ya kashe kajin mutane ya tare masu zuwa masallaci, ya isa ya ɓata zumuncin shekara ashirin.

Wane iri ya dace da gidanka?

Idan aka duba illolin nan, za a ga yawancinsu suna farawa ne daga ranar zaɓen kare. Karen Jamus da ake kira Alsatian, wanda aka kafa irinsa a 1899 don kiwon tumaki, yana da kaifin basira da saurin koyo, amma yana bukatar aiki da gudu kullum, kuma irinsa na yawan fama da ciwon ƙugu. Rottweiler da Boerboel na Afirka ta Kudu ƙarfafa ne. Boerboel kan haura kilo 60, nauyin da mace ko yaro ba za su iya riƙewa ba idan ya fizge. Ba su dace da wanda bai taɓa riƙe kare ba. Karen tsaunukan Kokasus mai tulin gashi don ƙasar dusar ƙanƙara aka yi shi, ajiye shi a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, azabtarwa ce. Haka ma masu gajeren hanci irin su Bulldog, numfashi na yi musu wuya a zafi.

Karenmu na gida, wanda ake rainawa, ya fi su dacewa da yawancin gidaje. Ya saba da zafi, ba ya cin mai yawa, jikinsa na da juriya, kuma wajen faɗakarwa ba a bar shi a baya ba. Akwai kuma siririn karen Azawak na Buzaye, daga yankin da ya ratsa Nijar da Mali, wanda ya haɗa gudu da gadi har ya samu karɓuwa a Turai da Amurka, sai dai yana son fili.

Amma kada a dogara ga sunan iri kawai. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2022, kan karnuka sama da 18,000, ya gano cewa iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Iri zai gaya maka girman da kare zai yi da ƙarfin cizonsa, amma halinsa sai ka duba iyayensa da renon da ya samu. Je ka ga uwar kwikwiyon da idonka. Idan matsoraciya ce ko mafaɗaciya, ka haƙura. Kada a raba shi da ita kafin ya cika mako takwas, kuma a karɓi katin allurarsa.

Gyaran hali

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako uku zuwa kusan mako 14 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai amince da shi da abin da zai ji tsoro har tsufansa. A wannan lokaci ya kamata ya saba da yara, mata masu hijabi, maza masu babbar riga, awaki, kaji da ƙarar babur, a hankali kuma cikin kwanciyar rai.

Akwai al'adar da ta yaɗu ta kulle kare a keji mai duhu ko ɗaure shi da gajeriyar sarƙa yini guda, a hana shi ganin mutane, wai don ya yi zafi. Wasu har barkono suke zuba masa a abinci. Abin da hakan ke haifarwa shi ne kare mai tsoro, wanda bai san bambancin ɓarawo da ɗan mai gida ba. Ranar da sarƙar ta tsinke, wanda ya fi kusa shi zai fara kamawa, kuma galibi yaro ne.

Duka ma haka yake. Kare ba ya haɗa dukan yamma da takalmin da ya tauna da safe, abin da zai koya kawai shi ne hannun mutum abin tsoro ne. Hanyar da likitocin dabbobi suka fi amincewa da ita ita ce saka wa kyakkyawan hali nan take: ya zauna da aka ce ya zauna, a ba shi ɗan guntun nama a yaba masa. Minti biyar zuwa goma kullum ya isa, muddin mutanen gida duka suna bin ƙa'ida ɗaya da kalma ɗaya.

Kowane mugun hali yana da dalili. Yawan haushi, tona rami da taune-taune galibi alamar zaman banza ne da rashin gudu. Gurnani gargaɗi ne, kare na cewa a ba shi wuri. Wanda ya daki kare saboda ya yi gurnani ya koya masa cizo ba sanarwa. A lura kuma da sauran alamomi: sandarewar jiki, kwantar da kunne, cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. A koya wa yara kada su taɓa kare yana ci, yana barci ko karya tana shayarwa, kada kuma su ruga da gudu a gabansa. Ƙaramin yaro ba a barin sa da kare su kaɗai, komai sabonsu.

Idan kare mai sanyin hali ya canza farat ɗaya, a fara zargin ciwo, a kai shi wurin likitan dabbobi. Idan canjin ya zo da dalalar yawu da cizon duk abin da ya gani, a killace shi ba tare da an taɓa shi ba, a kira likita. Karen da ya ciji mutum yana cikin ƙoshin lafiya, likita kan sa a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, wanda aka ciza kuma ya fara allura ba tare da jira ba. Karen da cizo ya zame masa ɗabi'a, bai halatta a sayar wa wani a ɓoye aibinsa ba, ko a kai shi bayan gari a yar. A nemi shawarar likita, ko da za ta kai ga rabuwa da shi ta hanyar da babu azaba.

Ina ma'auni ya rinjaya?

Ga makiyayi, mafarauci da mai gida a gefen gari da ke da fili, katanga mai kyau da halin ciyarwa, fa'idar kare ta fi illarsa, matuƙar allurarsa ba ta yanke ba. Ga mai zaman haya a gidan yawa, ko wanda ke fita da asuba ya dawo da dare, ko mai so don a ce yana da karen ƙetare, illar ta fi yawa, gara ya ƙara ƙarfin ƙofa da fitila. Kafin ka karɓi kwikwiyo, ka tambayi kanka: wane aiki zai yi mini, wa zai kula da shi kullum har shekara goma, kuma idan ya ciji ɗan maƙwabci na shirya ɗaukar alhaki? Idan amsa ɗaya ta gagara, haƙuri ya fi alheri gare ka, ga maƙwabtanka, da kuma dabbar da za a tambaye ka yadda ka riƙe ta.