Wa Ake Yi Wa Rangwamen Tsohon Babur A Ƙasashen Waje?

Daga Wakilinmu na Arewa

Wani ɗan'uwa mai sana'ar okada a Agege ya aiko mani da tambaya. Ya ce ya ji labari wai a Ingila idan babur ya tsufa ba a karɓar masa haraji ko kwabo, shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, me ya hana hukuma ta yi mana haka a nan?

Tambayar tana da dalili. A shekarar 2021 Hukumar Haɗin Gwiwa ta Haraji ta tsayar da kuɗin lambar babur a kan Naira 5,000, amma a watan Yuni na 2025 sai ta mayar da shi Naira 12,000. Inshorar dole ta babur kuma ta koma Naira 3,000 tun daga 1 ga Janairu, 1 ga watan farko na 2023. Duk waɗannan kuɗaɗe ba ruwansu da shekarun babur. Wanda aka ɓare daga kwali jiya da wanda ya sha hannu biyar, farashinsu ɗaya.

To, labarin Ingila gaskiya ne, amma da sauran magana. Babur ɗin da ya haura shekara 40 da ƙerawa ana iya sa shi cikin jerin abubuwan hawa na tarihi, mai shi ya daina biyan harajin hanya. Tun watan Mayu na 2018 an kuma ɗauke masa gwajin lafiya na shekara-shekara, muddin ba a yi masa wani babban canji ba. Sai dai dokar ta gindaya sharaɗi: idan ana haya da shi, ko ana neman abinci da shi, babu wannan sassaucin haraji. Watau da ɗan'uwanmu na Agege zai ɗauki babur ɗinsa zuwa can, ko da ya shekara hamsin, ranar da ya ɗauki fasinja don kuɗi ya fita daga sahu.

A Jamus tun 1997 suke da lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshenta, domin abin hawan da ya kai shekara 30. Kafin a bayar sai gwani ya duba ya tabbatar babur yana nan da kamanninsa na asali, kuma an kula da shi. Daga nan harajinsa na shekara ya tsaya a kan Yuro 46.02. Amma harajin babur na yau da kullum a can Yuro 1.84 ne a kan kowane sisi 25 na girman inji. Duk wanda ya yi lissafi zai ga cewa sai inji ya wuce sisi 625 kafin wannan lamba ta rage wa mutum haraji. Baburan da 'yan'uwanmu ke aiki da su kuwa, yawancinsu sisi 100 ne zuwa 150.

A Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, shekara 25 ta isa a nemi izni mai rahusa. Amma dole mutum ya zama ɗan ƙungiyar masu tsofaffin ababan hawa wadda hukuma ta amince da ita, kuma kwana 45 ko 90 kaɗai zai hau a shekara, kowace rana ya rubuta a littafi kafin ya kama hanya. Jama'a, wane magidanci ne zai ciyar da iyali da aikin kwana 90?

Abin da ya haɗa waɗannan ƙasashe uku a fili yake. Ba talaucin mai babur aka duba ba. An duba cewa babur ɗin ya yi ritaya, ba ya fita sai jefi-jefi, saboda haka ba ya cinye hanya, hayaƙinsa ma bai taka kara ya karya ba. Rangwame ne na mai hali, wanda ke da wata motar zuwa aiki, ya ajiye tsohon babur don sha'awa kamar yadda attajiri kan ajiye dokin hawan salla.

Shi kuwa babur mai matsakaicin tsufa, wanda talaka ke iya saye, shi ne ke shan matsa. A birnin Landan, tun watan Agusta na 2023 dokar hayaƙi ta game dukkan unguwanni. Babur ɗin da bai cika ƙa'idar hayaƙi ba, yawanci wanda aka yi wa rajista kafin tsakiyar 2007, yana biyan fam 12 da rabi duk ranar da ya hau titi. Alhali kuwa wanda ya haura shekara 40, aka sa shi cikin na tarihi, yana wucewa kyauta. A Japan ma babban babur mai inji sama da sisi 250, harajin nauyinsa ƙaruwa yake yi idan ya shekara 13, ya sake ƙaruwa idan ya shekara 18.

Indiya ce ta fi kusa da halinmu, domin a can ne aka fi dogara da babur, kuma kamfanin Bajaj mai ƙera Boxer na can ne. Rajistar farko shekara 15 take yi, daga nan sai a riƙa sabuntawa duk shekara biyar. A watan Afrilu na 2022 aka ɗaga kuɗin wannan sabuntawa daga rupi 300 zuwa rupi 1,000, don a sa mutane su rabu da tsofaffin ababan hawa. Su ma suna da rajistar tarihi wadda aka kafa a 2021, amma sai abin hawa ya wuce shekara 50, kuɗin shiga rupi 20,000, kuma an hana yin sana'a da shi.

Saboda haka amsar da zan ba ɗan'uwana ita ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ko da an kwaikwayi dokar Ingila gobe a Nijeriya, ba mai okada ne zai amfana ba. Babur ɗin da ke ɗaukar fasinja daga asuba zuwa isha a kan ramukan titi, ina zai ga shekara 40?

Abin da ya fi dacewa shugabannin ƙungiyoyinmu da sarakunan Hausawa na Kurmi su nema daban ne. Na farko, a haɗe tikitocin da ake yanka wa mai babur kullum su zama ɗaya, da rasit na hukuma, domin Naira 500 a kowace rana ta haura Naira 180,000 a shekara, ta ninka kuɗin lamba fiye da sau goma sha biyar. Na biyu, in za a yi sassauci, a ɗora shi a kan ƙaramin inji da lafiyar babur, ba a kan shekaru ba. Na uku, a riƙa ba da isasshen wa'adi kafin a rufe wa masu babur hanya. Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana okada a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, ta ƙara huɗu daga 1 ga Satumba, aka kuma murƙushe dubban baburan da aka kama. Jarin mutane da yawa a nan ya ƙare.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ke hannun kowa. Duk rangwamen da muka lissafa a sama, da takarda ake samunsa, domin ita ce ke nuna shekarar ƙira da sunan mai abu. Mu kuwa sau da yawa babur kan wuce hannu uku ko huɗu da sunan mai shi na farko, wani lokaci ma ba rasit. Wannan cinikin biri a sama ne. Wanda zai sayi babur na hannu ya gwada lambar inji da ta jikin ƙarfe da abin da ke rubuce, a yi takardar ciniki gaban shaidu, ya je ofishin lasisi a juya suna. Ranar da aka kama babur, ko aka sace shi, wannan takarda ce kaɗai za ta yi magana a madadinsa.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.