An ba mu doki kyauta, wa zai sayi harawa?

Tsohon ma'aikacin tarayya da ya yi ritaya ya koma garinsu Chinade, a Ƙaramar Hukumar Katagum, bai taɓa jin sunan Kubernetes ba, kuma ba dole ne ya ji ba. Abin da ya sani shi ne, duk ranar da aka buƙaci ya sabunta wani bayani nasa a shafin hukuma, sai ya biya kuɗin mota zuwa Azare, ya zauna a shagon kwamfuta, wani lokaci a ce masa shafin ya ƙi buɗewa, sai gobe. Sau da yawa laifin na layin sadarwa ne. Amma akwai ranakun da ciwon yake can cikin sabar da ke ɗauke da shafin, kuma a kan wannan ne muke son jan hankalin masu rubuta wa ministoci da manyan sakatarori takardun shawara.

Manhajojin zamani ana ƙunshe su ne a cikin abin da ake kira kwantena, wato ƙulli guda mai ɗauke da manhaja da duk kayan aikinta. Kubernetes shi ne mai rarraba waɗannan ƙullayen a kan kwamfutoci masu yawa: idan ɗaya ta mutu ya mayar da aikin kan wata, idan jama'a suka yi cincirindo a shafi ya ƙara hannu. Google ne ya fitar da shi a 2014, a 2015 kuma ya miƙa shi ga gidauniyar CNCF da ke ƙarƙashin Linux Foundation. Kowa na iya ɗauka ba tare da biyan lasisi ba. Ga gwamnatin da ta fitar da manufar amfani da rumbunan intanet ta hannun NITDA tun 2019, take kuma da cibiyoyin adana bayanai na Galaxy Backbone a Abuja da Kano, wannan abin marhabin ne, domin yana rage dogaro ga kamfani guda na waje.

Sai dai mutanen Katagum, da suka san hawan salla, sun san cewa wanda ya ba ka doki kyauta bai ba ka harawa da dusa da mai kula da barga ba. Kubernetes na fitar da sabon zubi sau uku a shekara, kowane zubi kuma wata 14 kacal ake yi ana toshe masa kafofin ɓarna. Ma'aikatar da aka ɗora wa tsarin a bana, aka yanke kyalle aka ɗauki hoto, idan ba ta taɓa shi ba, kafin kasafin kuɗi na biyu ya ƙare tana zaune a kan abin da masu shi suka daina gyarawa. Ba zubin kaɗai ke tsufa ba. A Nuwamban 2025 aka sanar da cewa za a daina kula da Ingress NGINX daga Maris ɗin 2026, alhali shi ne ƙofar da baƙi ke bi su shiga shafuka masu ɗimbin yawa a duniya. Dalilin kuwa abin tausayi ne: shekara da shekaru mutum ɗaya ko biyu ne ke ɗawainiya da shi, bayan sun tashi daga aikinsu na albashi.

A nan ne al'adar kasafinmu ke cutar da mu. Sayen na'ura yana shiga babin manyan ayyuka, ya samu kwangila da biki. Albashi da horon wanda zai tashi da ƙarfe biyun dare idan sabar ta tsaya yana babin ayyukan yau da kullum, inda almakashi ke fara sauka.

Akwai kuma batun ƙari. Ƙarfin Kubernetes shi ne ana iya koya masa sababbin ayyuka, a rubuta masa ƙananan manhajoji da za su riƙa ajiye kwafin bayanai ko farfaɗo da rumbu da kansu. Wannan ƙarin ɗan kwangila ke rubutawa. Idan yarjejeniya ba ta ce rubutun mallakar gwamnati ba ne, ranar da aka ɓata da shi zai tafi da linzami ya bar mana doki, kuma kyautar ta zama zanen aro. Bayanan da ke ciki kuwa na 'yan ƙasa ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsaronsu a wuyan hukumar da ta tattara su, ko da wani ta ɗauka haya ya riƙe mata.

Don haka muna kira ga Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya da NITDA su wajabta cewa duk kwangilar da ta ƙunshi irin wannan tsari ta bayyana wanda zai riƙa sabunta shi, da kuɗin yin hakan na aƙalla shekara uku, da ma'aikatan gwamnati biyu da za a horar su riƙe makullai tun ranar farko. Shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 yana yaye matasa masu wannan fasaha, jami'o'i irin ta Sa'adu Zungur da ke Gadau, makwabciyar Azare, suna yaye wasu. A buɗe musu guraben aiki na dindindin a tsarin ma'aikata, da albashin da zai hana banki ya ɗauke su bayan wata shida.