Na'urar Sanyaya Hannu Ba Ta Hana Rana Dukan Yaranmu

A shekarar 2019, lokacin gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya a birnin Doha na ƙasar Katar, sai da aka jira tsakar dare kafin a fara tseren dogon zango na mata, saboda tsananin zafi. Duk da haka, cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Irin wannan ne ya sa masu horar da 'yan wasa ke neman dabarun sanyaya jiki, ɗaya daga cikinsu kuwa ita ce na'urar sanyaya tafin hannu.

Malamai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Craig Heller da Dennis Grahn, su ne suka ƙirƙiro ta. Sun lura cewa tafin hannu da tafin ƙafa da wasu sassan fuska suna da jijiyoyin jini na musamman, waɗanda jiki ke fitar da zafi ta cikinsu. Ɗan wasa kan zura hannu cikin na'urar lokacin hutu, ruwa mai sanyi yana zagayawa, jinin da ya huce kuma ya koma cikin jiki. Abin mamaki, ƙanƙara ba ta dace ba, domin in sanyi ya yi yawa jijiyoyin kan tsuke, jini ya daina zuwa. Sanyi kamar digiri 15 ya fi amfani.

To, jama'a, wannan ilimi na kowa ne, ko da na'urar ta fi ƙarfin aljihunmu. A watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yola, amma sai ka ga an jera yara a fili da ƙarfe biyu na rana domin gasar ƙwallo, babu inuwa, babu ruwa. Bokitin ruwan randa a gefen fili, inda yaro zai tsoma hannu har gwiwar hannu lokacin hutu, nawa zai ci?

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Sanyaya hannu taimako ne kawai, ba magani ba. Yaron da ya fara tangaɗi ko sambatu a cikin rana yana bakin mutuwa. A kai shi inuwa nan take, a jiƙa jikinsa duka da ruwan sanyi, a yi masa fifita, sannan a garzaya asibiti. Zafi ne ya kashe Korey Stringer, ƙaƙƙarfan ɗan wasa a Amurka, bayan atisaye a shekarar 2001.

A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, alƙalin wasa ya tsayar da karawar Holan da Meksiko domin 'yan wasa su sha ruwa su huce. In manya sun yi haka, mu me zai hana mu? Malamai da iyaye da shugabannin matasa, a mayar da wasa safiya ko bayan rana ta yi sanyi. Rigakafi ya fi magani.