Yankari: Ba Ɗakin Kwana Ne Ke Kawo Baƙo Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a masaukin Wikki da ke tsakiyar gandun dajin Yankari ya san abubuwa biyu: daɗin ruwan ɗumin nan da zafinsa ba ya gusawa daga digiri 31 rani da damina, da kuma rashin kunyar gwaggon biri, wanda zai iya fizge burodi daga hannunka kana kallo. Ni da iyalina mun samu rabonmu daga duka biyun a wani hutun ƙarshen shekara. Da sassafe muka shiga motar zagaya daji, muka bi gefen kogin Gaji, muka ga ɓauna da gwanki da gadu. Giwa kuwa, sai dai sawunta da rassan da ta kakkarya. Tun daga lokacin tambaya ɗaya ke cina: me ke kawo baƙo Yankari, kuma a kan me muke kashe kuɗinmu?

Mai karatu, bari mu ɗan waiwayi tarihi. A 1956 aka keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991 ta mai da shi gandun daji na ƙasa, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A cikinsa ne ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a Nijeriya yake, waɗanda masu kula da su ke ƙiyasta yawansu tsakanin 100 da 150. Yana kuma cikin wurare ƙalilan da zaki ya rage a ƙasar nan. Raƙumin dawa kuwa, wanda a da ake gani a wurin, ya zama labari.

Abin da na lura shi ne, a duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da Yankari, hankalin mahukunta da namu mu 'yan boko yakan tafi ne ga abin da ido ke gani: sabbin ɗakuna, na'urar sanyaya ɗaki, zauren taro, kwalta. Ban ce waɗannan ba su da amfani ba. Amma otal mai kyau akwai shi a Abuja da Kano, babu wanda zai yi doguwar tafiya zuwa ƙaramar hukumar Alkaleri don ya kwanta a katifa mai laushi. Giwa ce jarin, ɗakin kwana kuwa rumfar kasuwa ce kawai. Ranar da giwa ta ƙare, masaukin zai zama kango, ko da da zinariya aka gina shi.

Makomar giwar nan kuwa ba a Wikki ake yanke ta ba, a bakin iyaka ne. Yankari ba shi da shinge. Ƙauyukan manoma sun kewaye shi, makiyaya na neman ciyawa da ruwa da rani, mafarauta na neman nama. Idan garken giwaye ya faɗa gonar dawa gab da girbi, cikin dare ɗaya zai iya cinye wahalar shekara guda. Manomin da aka yi wa haka, bai taɓa ganin sisin kobo daga kuɗin shiga daji ba, da wane dalili zai tona asirin mai neman hauren giwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙari a kan haka, hare-haren 'yan bindiga da aka sha samu a wasu ƙauyukan Alkaleri, da kuma haƙar man Kolmani da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a 2022 a wannan yanki, sun sa tsaron dajin ya wuce batun dabbobi kawai.

Ba a rasa abin yabo ba. Tun 2014 da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar kan sintiri, kashe giwaye ya ragu ƙwarai. Ba wani siddabaru aka yi ba: horo, kayan aiki, guzuri, da biyan alawus a kan lokaci. Wannan ya nuna cewa kuɗin da aka kashe a kan mai gadin daji ya fi wanda aka kashe a kan fenti riba.

Wasu ƙasashen sun riga mu gane haka. Ruwanda ta fara ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin gandun dajinta ga al'ummomin da ke makwabtaka da su a 2005, ta ninka zuwa kashi 10 a 2017. A dajin Akagera sai da suka gyara tsaro, suka kafa shinge tsakanin dabbobi da gonaki, kafin su dawo da zakoki a 2015 da karkanda a 2017. A nan makwabtanmu Nijar, raƙuman dawan Kure ba su kai 50 ba a 1996, amma suka hayayyafa suka haura 600, alhali a tsakiyar gonakin mutane suke kiwo, saboda an sa mutanen yankin cikin harkar.

Don haka shawarata ga gwamnatin Bauchi da majalisar dokokinta guda uku ce. A kafa doka da za ta ware wani kaso sananne na kuɗin shigar Yankari ga ƙauyukan da ke kewaye, a riƙa bayyana shi a fili. A samar da asusun biyan diyyar gonakin da giwaye suka ɓarnata, wanda hakimai da dagatai za su sa ido a kai. Sannan haƙƙin masu gadin daji ya zama shi ne farko a kasafi, kafin a sayi labule ko guda.

Mu ma da sauran aiki a gabanmu. Da yawanmu mun san titunan Dubai fiye da hanyar Mainamaji. Mu kai 'ya'yanmu su ga kogunan Marshal, su yi wanka a Wikki, mu kuma tambayi inda kuɗin tikitinmu ke zuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina fata jikokina za su ga giwar da ni sawunta kawai na gani. Allah Ya sa mu dace.