Hira a Zaure: Giya Ba Ta da Hannu

 

Zancenmu na wannan wata ya taso ne daga wani abin da kusan kowa ya taɓa gani da idonsa. An yi biki, ko na aure, ko na suna, ko kuwa na Kirsimati. An ci an sha, dare ya yi. Sai maigida ya miƙe yana laluben makullin mota a aljihu. Uwargida ta dube shi, ta ga idanunsa sun kaɗa, ta ce a hankali, "Maigida, da ka bar ƙanenka ya kai mu." Shi kuwa ya daka mata tsawa, "Yau na fara tuƙi? Kwalba nawa na sha? Hanyar nan ko ido a rufe na san ta." Ta yi shiru don kada ta kunyata shi a gaban mutane, ta kwashi yara suka shiga. Sau da yawa sukan isa gida lafiya. Isa lafiyar nan kuwa ita ce tarkon, gama ita ke koya masa cewa ya yi daidai, gobe ma ya ƙara.

Za mu ɗauko misali daga nesa, daga ƙasar Amurka, domin kada wani ya ce da shi ake. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ran 14 ga watan Mayu, 1988, wata ikilisiya ta garin Radcliff a jihar Kentaki ta kai yaranta yawon shaƙatawa a wani filin wasa. Suna dawowa da dare, su 67 cikin bas guda, waɗansu suna barci, waɗansu suna hira. Wajen ƙarfe 11, kusa da garin Carrollton, sai ga wata mota a-kori-kura ta biyo hannun da ba nata ba, ta yi karo da su gaba da gaba. Karon kansa bai kashe kowa a cikin bas ɗin ba. Amma tankin mai ya fashe, wuta ta tashi, ƙofar gaba ta toshe, sai ƙofar baya kaɗai ta rage wa mutanen nan duka. Mutum 27 suka mutu cikin wuta da hayaƙi, 24 daga cikinsu yara ne da matasa.

Mai a-kori-kurar ba ɗan fashi ba ne, ba kuwa mahaukaci ba. Ma'aikaci ne mai shekara 34, mai iyali, wanda ya sha giya a ranar. Da aka auna jininsa aka sami ma'aunin barasa 0.24, alhali dokar jihar a wancan lokaci ta tsaya a kan 0.10, watau ya haura ninki biyu. An kuma taɓa kama shi a baya da laifin tuƙi cikin maye. Ya ce bai tuna kome game da haɗarin ba, a asibiti ya farka ya ji labari. Kotu ta yanke masa shekara 16, ya fito a 1999. Ku lura da wannan: mutumin bai tuna ba, amma kotu ba ta karɓi mantuwa a matsayin uzuri ba. Ta yi daidai kuwa. Gama ko da bai tuna da karon ba, a cikin hankalinsa ya ɗaga kofin farko, yana sane da cewa mota tana jiransa a waje.

Bari mu duba abin da giya ke yi wa direba, domin mutane da yawa suna tsammani sai wanda ke tangaɗi ne ya bugu. Ba haka ba ne. Barasa tana shiga jini daga ciki da hanji, cikin 'yan mintoci ta kai ƙwaƙwalwa. Abin da take fara taɓawa shi ne wurin da mutum ke auna abu ya ce wannan haɗari ne, wannan ba haɗari ba ne. Saboda haka mai sha yakan ji kamar ya fi kullum ƙwarewa a daidai lokacin da ƙwarewarsa ta ragu. Daga nan sai ta rage saurin ƙafa zuwa birki, ta ƙuntata gani ta gefe, ta sa hasken fitilar motar da ke zuwa ya daɗe yana kashe ido. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In giya ta jinkirta ƙafarka da rabin daƙiƙa kawai, ka ƙara mita 14 ke nan kafin ka taka birki, tsawon ƙananan motoci uku a jere. A cikin mita 14 ɗin nan ne yarinya mai talla take tsallake titi.

Akwai kuma masu cewa, "Zan ci goro, in sha kofi, in watsa ruwan sanyi, ya sake ni." Goro da kofi suna korar barci, amma ba su fid da barasa daga jini. Hanta ce ke yin mafi yawan wannan aiki, ita kuwa ba a sa ta gaggawa. Babbar kwalbar giya guda takan ɗauke ta awa biyu zuwa uku. Wanda ya sha huɗu da dare, ya tashi da asuba zai kama hanya, yana iya zama da saura a jininsa ko da ya yi wanka ya sa fararen kaya. Burukutu kuwa ba a rubuta ƙarfinta a jikin ƙwarya ba, tukunyar yau dabam, ta gobe dabam. Haka nan mai babur bai fita daga zancen nan ba, shi ma ya fi kowa shiga haɗari, tun da jikinsa ne bangon motarsa.

To, in abu ya faru, me mukan ji? Wani ya ce ƙaddara ce. Wani ya ce aikin Shaiɗan ne. Wani ya ce abokai ne suka matsa masa. Wani ya ce hanya ce ba kyau, ko kuwa birki ne ya ƙi. Mafi yawa sukan ce, "Ba shi ba ne, giya ce." Amma giya ba ta da hannu. Ba ta taɓa buɗe ƙofar mota ba, ba ta taɓa murɗa makulli ba. Hannun da ya ɗaga kofi shi ne ya kama sitiyari. Gaskiya ne hanyoyi da yawa suna da ramuka, gaskiya ne kuma abokai suna zuga. Amma wanda ya san hanya ba kyau, shi ya fi kowa bukatar kai garau. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Muddin mutum yana ɗora wa wani abu dabam laifinsa, ba zai gyaru ba, gama ba wanda ke gyara abin da ya ce ba nasa ba ne.

Ga misali na biyu, daga Amurka kuma, na wanda ya ƙi bin hanyar nan ta kare kai. Ran 22 ga watan Yuni, 2013, wani saurayi mai shekara 22 ya sha ya bugu tare da abokansa a birnin Kolambus na jihar Ohayo. Ya shiga motarsa, ya bi hannun da ba nasa ba a kan babbar hanya, ya kashe wani dattijo mai shekara 61. Ma'aunin barasa a jininsa 0.19 ne, doka kuwa 0.08 ta ce. Bisa ga faɗarsa, waɗansu lauyoyi sun nuna masa cewa akwai dabarar da za a bi a yi watsi da gwajin jinin, in dai zai yi ƙarya. Ya ƙi. A watan Satumba, tun ba a kai shi gaban alƙali ba, ya fito a bidiyo ta intanet, ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan mamacin, ya ce shi ya kashe shi, ya kuma roƙi masu kallo kada su yi tuƙi in sun sha. Miliyoyin mutane suka gani. Ya amsa laifinsa a kotu, a watan Oktoba aka yanke masa shekara 6 da rabi, aka kuma hana shi tuƙi har iyakar ransa.

Waɗansu sun yabe shi. Waɗansu suka ce ai ramin ƙarya ƙurarre ne, tun da jininsa yana hannun 'yan sanda, ba inda za shi. 'Yar mamacin kuwa ta tsaya a kotu ta roƙi alƙali ya yanke masa hukunci mafi tsanani, ba wanda zai ga laifinta. Mu ba mu san zuciyar saurayin nan ba. Amma abu biyu sun fito fili. Na ɗaya, ya yi abin da ya wajaba: bai sa iyalin mamacin su yi shekaru suna jeka-ka-dawo a kotu suna jin ana musun abin da kowa ya sani ba. Na biyu, amsa laifin bai ta da dattijon daga kabari ba. Tuba yana da daraja ƙwarai, ba mai raina shi. Amma tuba ba ya share hukunci, wanda kuwa ya tuba da gaske ba ya neman a share masa. In an gafarta maka, alheri ne aka yi maka. Ba bashi kake bin gwauruwa da marayu ba, balle ka ƙosa in sun yi jinkiri.

Saboda haka, ɗan'uwa, in har ka riga ka faɗa cikin irin wannan, ga abin da ya kamace ka. Kada ka gudu ka bar mutum kwance a titi, wataƙila mintocin nan su ne tsakaninsa da mutuwa. In ka ga taro ya fusata har ranka yana cikin haɗari, nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa kai tsaye, ka ba da kanka, ka faɗi inda mai raunin yake. Kada ka sa yaron motarka ko ƙanenka ya ce shi ke tuƙi. Kada ka nemi wanda zai ɓatar da takarda. Ka faɗi gaskiya cewa ka sha. Ka nemi dattawa su raka ka wurin dangin wanda ka cuta, ka ɗauki kuɗin magani da abin da ya biyo baya gwargwadon ƙarfinka. In an karɓe lasin, ka haƙura da tafiya a ƙasa. In kuwa ka ga shan ya fi ƙarfinka, faɗa wa likita da wani babba da ka amince da shi. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a sake kama ka karo na biyu, kamar mutumin Kentaki.

Ku kuma iyali, ku yi hattara da irin taimakon da kuke bayarwa. Uwa takan sayar da abin hannunta don a rufe maganar ɗanta, tana ganin ƙauna ce. Kai masa abinci a kurkuku ƙauna ce. Tsayawa kusa da shi a kotu ƙauna ce. Amma saye masa hanyar kuɓuta ba ƙauna ba ce, miƙa masa makulli ne ya je ya ƙarasa ɗan wata. Ku tuna can ma akwai uwa.

A shekarar nan ta 1988 da bas ɗin Kentaki ya ƙone, a ita ce Nijeriya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Duk da irin ƙoƙarin nan a ƙasashe dabam dabam, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, shi ne kuma kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ba giya ce ta jawo dukansu ba, amma rabonta shi ne wanda ya fi sauƙin hanawa. Ma'aikacin hukuma ba zai tsaya a ƙofar kowane gidan biki ba. Mu ne muke can.

Don haka a yanke shawara tun rana ba ta faɗi ba. Kafin a fita, a san wanda zai tuƙo, shi kuwa kada ya taɓa ko ɗis. Mai masauki da ya ga baƙonsa ya sha, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ajiye masa makulli sai gari ya waye sosai. Uwargida, in ya ƙi ji, kada ki shiga, kada ki bar yaranki su shiga. Fushinsa na dare ɗaya ne, da safe zai huce. Samari da 'yan mata, ba rashin ladabi ba ne ku ce wa babba, "Baba, yi haƙuri, za mu bi wata motar." Kai kuma maigida, in matarka ta yi maka magana a hankali don ta rufa maka asiri, ka gode mata ta wurin miƙa makullin.

Kowane mutum zai ɗauki nauyin abin da hannunsa ya yi, ko ya so ko ya ƙi. Zaɓin da aka ba shi kawai shi ne lokacin ɗauka. In ya ɗauka da yamma, nauyin bai wuce na makulli ɗaya da zai miƙa wa wani ba. In ya bari sai bayan ƙarar ƙarfe, zai ɗauka har ya mutu. Da na sani ƙeya ce.

Sai mun sadu a wata mai zuwa. A sauka lafiya.