Gwangwanin madara ɗaya bai kai rai ba

Jama'a, ina dawowa daga Doguwa na tsaya Kwanar Ɗangora, sai ihun "ɓarawo!" ya tashi. Yaro ne, bai fi shekara 14 ba, an kama shi da gwangwanin madara a aljihu. Kafin ka ce kwabo an fasa masa baki. Wallahi ba don wani dattijo ya shiga tsakani ba, da sai dai gawa.

Mu ne fa muka yi kuka a watan Maris na 2025 da aka kashe mafarauta 16 a Uromi bisa zargi kawai.

Ban ce sata daidai ce ba, mai tireda da ƙyar yake ganin riba a wannan tsadar. Amma na leƙa shagon: madara, sabulu, maggi duk a bakin ƙofa, shi kuma ya ba su baya yana fama da POS. Haba Alhaji! Mayar da ƙananan kaya bayan kanta, ka rataya madubi a lungu. In za ka masallaci ka kulle, kar ka bar wa ɗan shekara bakwai.

Sannan wa ke sayen kayan a rabin kuɗi? Shi ya kamata mai unguwa da 'yan sintiri su zaƙulo su miƙa wa 'yan sanda.